Dattijon da nake jinya yana duka na, ni kuma zuciyata ta fara bushewa

Ummu_Halifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ba tare da na sa baki ba, amma yau tura ta kai bango. Shekara shida ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi da gajiyayyu, wanda ba zan ambaci sunansa ba. A cikin waɗanda nake kula da su akwai wani dattijo da ya haura tamanin, tsohon malamin makaranta, wanda gigin tsufa ya kama. Da safe lafiya lau muke, yana kira na 'yata, har ya tambaye ni yara. Da zarar la'asar ta yi sakaliya sai ya zama wani mutum dabam, ya riƙa neman takalmansa yana cewa ɗalibai na jiran sa, duk wanda ya tare masa ƙofa kuma ya sha zagi. Ranar Talatar da ta wuce na je sauya masa shimfiɗar da ya jiƙa, ya kama hannuna ya murɗe, sannan ya maka mini sandarsa a kafaɗa, kuma har yanzu wurin a kumbure yake. Da na gaya wa shugabarmu sai ta ce in yi haƙuri, lada nake samu. Mu biyu ne muke kwana da tsofaffi goma sha tara.

Abin da ya fi dukan tsorata ni shi ne abin da ya faru daren jiya. Ya kira sunana sau uku, ina jin sa, na yi lamo kamar mai barci, kuma ban ji komai a raina ba. Shin wannan duka yana cikin aikin da dole in karɓa? Wannan bushewar zuciya kuma, raunin imani ne ko wani abu ne dabam?

Baba_Lawal_KofarSauri:
Wa alaikumus salam. 'Yata, shugabarki gaskiya ta faɗa miki, domin a Suratul Isra'i an hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya riske su a wurinmu. Ni abin da ya fi ba ni takaici ma shi ne a ce a ƙasar Katsina akwai dattijon da ya koyar da 'ya'yan mutane, amma a ƙarshe baƙi ne suke sauya masa shimfiɗa. Ina 'ya'yansa? Ina dangi?

Nas_Rabi:
'Yar'uwa Ummu_Halifa, kafin a shiga batun lada, ina da tambayoyin da nake so ki duba gobe idan Allah ya kai mu. Yaushe rabon da ya yi bayan gida? Fitsarinsa ya sauya launi ko wari? Yana tauna abinci ta ɓangare ɗaya? Yana yamutsa fuska idan an ɗaga masa ƙafa ko an juya shi? Na yi shekara goma sha huɗu ina aikin jinya, kuma a mafi yawan lokutan da na ga tsoho mai cutar mantuwa, wato gigin tsufa, ya kai duka ba zato ba tsammani, akwai abin da ke ci masa jiki wanda harshensa ya kasa faɗa. Mutumin da kalmar "ciwo" ta ɓace masa, idan kika taɓa inda ke masa zafi, hannunsa ne zai ba ki amsa. Ƙwayoyin cuta a mafitsara, taurin bayan gida, ruɓaɓɓen haƙori, ƙarancin ruwa a jiki musamman a zafin bazara irin namu, kowane ɗaya yana iya rikita tsoho cikin kwana ɗaya ko biyu.

An gwada wannan a ƙasar Norway, aka buga sakamakon a 2011. An ɗauki tsofaffi 352 masu cutar mantuwa da yawan tayar da hankali a gidajen kula da tsofaffi, aka riƙa ba wani rukuni maganin ciwo bisa tsari har mako takwas, akasarinsu farasitamol kawai, sai rikicinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a sauya musu komai ba. Ba ina cewa ki ba shi magani da kanki ba, likita ne zai duba shi ya rubuta.

Sani_Rafindadi:
Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne lokacin. Me ya sa sai rana ta kusa faɗuwa? Iyayenmu ba su hana yara fita da almuru a banza ba. Ya kamata a haɗa masa da ruƙiyya.

Nas_Rabi:
Malam Sani, addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, kuma na ga tsofaffi da yawa da karatun Alƙur'ani a hankali yake kwantar musu da hankali fiye da komai. Sai dai wannan rikicewar yamma sananniya ce a cutar, kuma ana ganin ta a Katsina kamar yadda ake ganin ta a Japan. Cutar tana taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita barci da farkawa, ga gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta yi yawa a ɗaki, idon da dama ya yi rauni ya ga tabarmar da aka jingine ya ɗauka mutum ne. Kuma ku lura da abin da dattijon ke faɗa, ɗalibai yake nema. Mutumin da ya shekara talatin ko fiye yana fita a wani lokaci, jikinsa bai manta ba ko da kansa ya manta.

Malam_Kabir_Daura:
Baba Lawal, Allah ya ƙara girma, ina so in ɗan yi gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ayar da ka kawo, ta 23 a Suratul Isra'i, 'ya'ya take yi wa magana a kan iyayensu. Wannan baiwar Allah ma'aikaciya ce da aka ɗauka da sharaɗi, tana da haƙƙi a kan wanda ya ɗauke ta, kuma daga cikin haƙƙin akwai kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Shi dattijon ba shi da laifi, domin an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe, kuma Suratun Nahli, aya ta 70, ta ambaci wannan mataki na rayuwa da mutum ke komawa bai san komai ba bayan ya sani. Amma rashin laifinsa bai sauke nauyi daga kan masu gidan ba. Idan ma'aikaciya ta zo da kafaɗa a kumbure aka sallame ta da kalmar haƙuri kaɗai, to an yi amfani da addini wajen rufe bakinta.

Akwai kuma abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Wannan mutum Bahaushe ne, malami, wanda wataƙila tunda ya balaga babu macen da ta ga jikinsa sai iyalinsa. Da tsakar dare wata mace da bai gane ba ta yaye masa mayafi tana kwance masa wando. A nasa tunanin, wa ke cin zarafin wani?

Ummu_Halifa:
Allah ya gafarta Malam, wallahi wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Namiji ɗaya ne a cikinmu, shi ma da rana yake aiki.

Bakatsine_a_Ingila:
Ni irin wannan aikin nake yi a wani gari a arewacin Ingila. Na zo ne bayan an buɗe wa masu kula da tsofaffi ƙofar biza a Fabrairun 2022, kafin a hana sababbin zuwa tahowa da iyalansu a Maris na 2024. A nan idan mazaunin gida ya kai maka duka, dole ka cike takarda kafin ka tashi daga aiki, ka rubuta lokacin, da abin da ake yi kafin ya faru, da wanda ke wurin, da abin da ya biyo baya. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, sai da muka tara takardun wata tsohuwa na mako uku muka ga duk cizon da take yi a lokacin wanka ne, kuma duk ranar da aka fara zuba mata ruwa daga kai. Aka koma goge mata jiki da tawul mai ɗumi, ana farawa daga hannu, rabin jikinta a rufe, sai cizo ya ragu ƙwarai. Wanda aka san yana kai hannu kuma, mutum biyu ake rubuta masa, ba a shiga wurinsa kai kaɗai. Ana koya mana ka zo ta gaba, ka durƙusa idonka ya daidaita da nasa, ka faɗi sunanka kowane shiga ko da sau goma ne a yini, idan ya ƙi ka fita ka dawo bayan minti goma sha biyar.

Amma kada wanda ya ji wannan ya ɗauka aljanna ce. Awa goma sha biyu muke yi a tsaye, ranar da wani bai zo ba kai za ka ɗauki nasa, kuma an taɓa tofa mini yawu a fuska tare da zagin launin fatata. Na san ciwo ne ya yi magana, amma da na koma ɗakina abinci ya ƙi shiga. Wanda bizarsa ke hannun mai gidan aikin ba kasafai yake iya ɗaga murya ba.

Hajiya_Indo_Yarinci:
Ku da kuke aiki ma kuna da lokacin tashi. Ni surukata na yi jinya shekara huɗu a ɗakina. Kullum sai ta ɓoye kuɗinta a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, ta manta, ta fito tsakar gida tana cewa na sace. Maƙwabta suna ji. Wata rana ta watsa mini koko mai zafi a ƙirji, da 'ya'yanta mata suka zo daga Funtuwa sai ta tarbe su da fara'a da nutsuwa, suka tafi suna cewa ni ce ba na son ta. Wannan ya fi kokon ƙona ni. Baba Lawal yana tambayar ina dangi, to dangi suna nan, amma a kowane gida mace ɗaya ce take ɗauke da kayan, sauran kuma ziyarar Juma'a da ledar lemo.

Abu_Yazid77:
Me ya sa ba za a riƙa ba irin waɗannan maganin barci ba? A ba shi lagatil ko wani abu da yamma, shi ya huta, ma'aikata su huta.

Likita_Mansur:
Malam Abu Yazid, wannan hanya ce da aka daɗe ana bi a ƙasashe da dama, kuma an ga illarta. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya rahoto inda ya ƙiyasta cewa mutum kusan 180,000 masu cutar mantuwa ake ba magungunan taɓin hankali, kuma hakan yana jawo ƙarin mutuwar kusan 1,800 a shekara, alhali kaɗan daga cikinsu ne maganin ke amfana. Tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan irin waɗannan magunguna game da tsofaffi masu wannan cuta. Suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da faɗuwa, da shaƙewa da abinci. Tsohon da aka bugar da magani zai tashi da dare yana tangaɗi, ya faɗi ya karya ƙugu, kuma ita Ummu_Halifa ce za ta koma ɗaga shi da juya shi. Ana amfani da su idan haɗari ya yi tsanani kuma sauran hanyoyi sun gaza, kaɗan, na ɗan lokaci, da sa idon likita.

Sai tambayarki ta biyu, 'yar'uwa, wadda na ga an bar ta a baya. Abin da kika kwatanta yana da suna a wurin masana, da Turanci suna ce masa "burnout", wato ƙarewar ƙarfi da zuciya saboda matsin aiki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana shi a 1974 bayan ya lura da yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, waɗanda suka fara da zumuɗi, suke ƙarewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin yanayin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin nisa da aikin ko ƙyamarsa, da jin ba ka tsinana komai. Shirun da kika yi ana kiran ki yana cikin ta biyu. Wadda ba ta da imani ba za ta kwana da damuwar abin har ta rubuto mana ba. Amma ki ɗauke shi da muhimmanci, domin hukumar nan ta kuma ruwaito cewa a binciken da aka tattara daga gidajen kula da tsofaffi, ma'aikata biyu cikin uku sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'i na cutarwa a cikin shekarar da ta gabata, kama daga tsawa da sakaci zuwa abin da ya fi haka.

Zainabu_Kusugu:
Likita, wannan adadi na biyu cikin uku bai yi mini daɗi ba, domin zai sa mutane su ɗauka duk ma'aikatan azzalumai ne, ga shi dama ba a ganin aikin da daraja. Kuma ai ba a ƙasarmu aka yi binciken ba.

Likita_Mansur:
Haka ne Hajiya, akasarin bayanan daga ƙasashe masu arziki suka fito. Sai dai a can ma'aikata sun fi yawa, horo ya fi yawa, masu sa ido sun fi yawa, amma aka samu haka, shi ya sa ban ga dalilin da zai sa mu natsu ba.

Tsohon_Ma'aikaci:
Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa iyalina ba. Na yi irin wannan aiki shekara tara. Akwai wani tsoho da ke tashi da dare yana shiga ɗakunan wasu yana jan barguna, har wata rana wani ya ture shi goshinsa ya fashe, domin faɗa tsakanin su tsofaffin ma yana da yawa, ba a dai maganarsa. Ni kaɗai ne a ɓangaren maza, kwana na uku a jere. Na ɗauki rawaninsa na ɗaure masa hannu ɗaya a ƙarfen gado, na ce na awa ɗaya ne in ɗan runtsa. Kiran asalatu ne ya tashe ni. Na same shi a zaune, bai yi ihu ba, yana ta ƙoƙarin yin taimama a bango da hannun da ya rage. A shekarata ta farko da na ga wani ya yi haka da na kai ƙararsa. Wata biyu bayan nan na ajiye aikin, yanzu ina sayar da hatsi. Ummu_Halifa, shirun da kika yi jiya, nima da shi na fara.

Baba_Lawal_KofarSauri:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ya ƙara tabbatar mini cewa tsoho a gidansa ya kamata ya ƙare. Waɗannan gidaje al'adar wasu ce.

Hajiya_Indo_Yarinci:
Baba, da girmanka, a gida ma ana ɗaurewa, ana kulle ɗaki da kwaɗo, a wasu wuraren har a ce tsohuwa mayya ce saboda tana surutai da dare. Bambancin kawai a gida babu mai gani. Kuma waɗanda ke gidajen gajiyayyu da yawansu ba su da kowa, wasu ba su haihu ba, wasu rikicin 'yan bindiga ya raba su da ƙauyukansu.

Aminu_Lauya:
Tunda zance ya zo kan wanda ke da alhaki, akwai doka. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Sannan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi raunin da mutum ya ji a bakin aiki. Shawarata ga Ummu_Halifa ita ce ta je asibiti a duba kafaɗar a rubuta, ta kuma kai rahoton abin da ya faru a rubuce, da kwanan wata, ta riƙe kwafi. Ba don ta kai kowa ƙara ba, sai don ranar da wani abu ya sami ɗaya daga cikin tsofaffin nan goma sha tara da dare, ita za a fara tuhuma, kuma maganar baki ba za ta cece ta ba.

Zainabu_Kusugu:
Kuma lamarin ƙaruwa zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. A Nijeriya sai a 2012 aka buɗe cibiyar farko ta lafiyar tsofaffi zalla, a asibitin koyarwa na Ibadan. Yawancin masu wannan aiki a wurinmu da tausayi kawai aka ɗauke su, ba wanda ya zaunar da su ko na yini ɗaya ya koya musu yadda ake kusantar mai gigin tsufa.

Ummu_Halifa:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da ya faru cikin kwana biyar ɗin nan. Na matsa aka kai Baba asibiti, aka samu ciwo a mafitsara, ga kuma turmin haƙori da ya ruɓe, an fara masa magani. Abokin aikinmu namiji ya yarda ya riƙa tsayawa har bayan isha'i ya gyara shi kafin ya tafi, ni kuma da la'asar ina ba shi tsohuwar rajista da jan biro in ce Malam a duba mana sunaye, sai ya zauna yana bi layi-layi har a kira magariba. Bai sake duka na ba, ko da yake shekaranjiya ya zage ni tas. Na rubuta takarda kamar yadda Lauya ya ce, na roƙi a ƙara mutum ɗaya da dare, aka ce babu kuɗi a bana. Abokiyar kwanana kuma ta ce ƙarshen wata za ta bari. Gaskiya ni ma har yanzu idan na doshi ƙofar gidan sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Nas_Rabi:
Alhamdulillahi da aka gano. A tabbata ya shanye maganin har ƙarshe, a riƙa ba shi ruwa a-kai-a-kai ko bai nema ba. Ke kuma ki nemi hutunki na shekara yanzu, kada ki jira sai ta tafi.

Malam_Kabir_Daura:
Ina tunanin ko za a iya yi wa limaman unguwar magana, a samu matasa maza biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa da yamma a ɓangaren maza, kamar yadda 'yan agaji ke yi a asibitoci.

Bakatsine_a_Ingila:
Shawara ce mai kyau Malam, amma sai an koya musu tukuna, kuma a san su waye, domin baƙuwar fuska kullum tana ƙara rikita mai wannan ciwo, sannan ba kowa ake bari shi kaɗai da wanda ba zai iya ba da labarin abin da aka yi masa ba. Ummu_Halifa, idan abokiyar aikinki ta tafi ƙarshen wata ba a kawo wata ba, an gaya miki wanda zai riƙa kwana tare da ke?

Ummu_Halifa:
Na tambaya jiya. An ce za a duba.